WASAN GOBE, DA WANDA BA A GAYYATA BA

'Yan'uwana mata, akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake yi a ƙasashen arewacin Turai, irin su Danmak da Norwe da Suwidin da Finlan, wanda suke kira larp. Shi wannan wasa ba shi da dandamali, ba shi da 'yan kallo, kuma ba a haddace magana. Duk wanda ya shiga ɗan wasa ne. Za a ba ki suna, a ba ki sana'a da dangi da abokan gaba, ki sa kayan wadda aka ce ke ce, ki ci ki sha ki kwana a matsayinta, wani lokacin har kwana biyu ko uku. Wasu don nishaɗi kawai suke yi, wasu kuwa don su ɗanɗana irin zaman da al'umma za ta iya samun kanta a ciki nan gaba. To waɗannan na biyun nake so mu ɗora a kan sikeli.

A shekarar 2005 an yi wani a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, mai suna System Danmarc. An samu wani fili a cikin gari aka kewaye shi, aka jibge kwantenoni irin na jirgin ruwa aka mai da su ɗakunan kwana, sannan mutum sama da 300 suka shiga suka zauna. Labarin shi ne wai ga Danmak ta nan gaba, an kasa mutane aji-aji, su kuma 'yan wasan su ne 'yan ajin ƙarshe, waɗanda hukuma ta juya wa baya ta zube su a unguwa ɗaya. Da aka zo tashi, sai aka nuna musu fim na mutanen gaske, marasa wurin kwana da waɗanda shaye-shaye ya cinye, a wannan birni nasu dai. Ma'ana, goben da kuke tsoro, ga wasu can sun riga sun kwana a cikinta.

Gaskiya wannan dabara ta burge, kuma dole a yaba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to ai ɗanɗanawa ta kori ganin ma. Mutumin da ya kwana a cikin kwantena cikin sanyi, ya ga an wulaƙanta shi saboda ajin da aka rubuta masa, ya fi wanda ya karanta a jarida fahimta. Da ma da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

Amma fa akwai gyara. Wahalar da ka san ranar ƙarewarta ba ta cika wahala ba. Ɗan wasan nan ya san jibi war haka yana gidansa, ga ruwan zafi, ga katifa. Shi ya sa wasu daga cikinsu suka mai da zaman tamkar biki, ana kiɗa ana rawa ana holewa, har unguwar da aka gina don ta ba da tsoro ta koma abar sha'awa. Ke da kike riƙe da gida kin san talauci ba haka yake ba. A cikin kwana biyu kuɗin haya ba ya cika, ciki ba ya kai wata tara, yaro ba ya kwana da zazzaɓi babu kuɗin magani, buhun masara ba ya ƙarewa a bar ki da tukunya a kan murhu. Abin da ke karya mutum shi ne maimaici, yau da gobe da jibi, kuma shi ne abin da wasan ya kasa kamawa.

Wani wasan da aka yi a Finlan a 2013, Halat Hisar, ya fi kusa da gyara wannan. An ƙaddara cewa Finlan ce ke ƙarƙashin mamayar soja, da shingayen bincike da kame, kuma Falasɗinawa da 'yan Finlan ne suka haɗu suka tsara shi. Nan ne bambancin yake, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za a gwada zaman gobe, sai a tambayi wanda yau ta riga ta gasa wa aya a hannu.

Kada ki ce abin na Turawa ne, ina ruwanmu. Ai mu ma muna da namu. In azumi ya kai kwana goma, 'yan mata kan fita tashe, su yi Mairama da Daudu: wata ta sa babbar riga da hula ta zama miji, wata ta zama matar gida, ana nuna yadda ake zaman aure. Wannan ma shiga rigar wani ne. Sai dai namu yana maimaita zaman da muka tarar, nasu kuwa yana leƙen wanda bai zo ba. Namu ya san ɗaki da tsakar gida amma ba ya tambayar gobe, nasu yana tambayar gobe amma sau da yawa masu abin hannu ne ke amsawa.

Don haka duk wasan da aka ce miki yana nuna zaman gobe, a fili ne ko a fim ko a littafi, ki auna shi da tambaya uku. Wa ya tsara shi? A cikin wannan gobe wa ke ɗebo ruwa, wa ke girki, wa ke jinyar tsoho? Kuma da aka tuɓe kayan wasa, me ya canja?

In kuma kin ga 'yarki tana wasan 'yartsana, kada ki kore ta, ki kasa kunne. Ki ce mata yau ita ce likitar unguwa, ko alƙaliya, ko mai rabon ruwa ranar da rijiya ta ƙafe, ki ji hukuncin da za ta yanke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinyar da ba ta taɓa gwada wata riga a wasa ba, da wuya ta nemi ɗinka ta in ta girma.