Seasonic Focus GX-750: Madalla da Na'urar da Ta Raba Mu da Tarin Wayoyi

Ina son Seasonic Focus GX-750 so na haƙiƙa, kuma abin da ya fara sace min zuciya shi ne wayoyin da ban ma jona mata ba. Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur da tsohuwar na'urar ba da wuta, wadda masu gyara ke kira pawa saflai, ya san wahalar. Wayoyinta a manne suke zuwa, ko kana buƙata ko ba ka buƙata. Ka gama aiki, sai ka ga ragowar wayoyin SATA da na Molex suna reto cikin akwati kamar kayan cikin rago ranar Layya. Ka nannaɗe, ka cusa a lungu, ka danne murfin baya da gwiwa kafin ya yarda ya rufu. Ana nan sai wata ta sulale ta taɓa fanka, ƙara ta cika ɗaki.

Wannan kuwa, Allah Ya yi wa masu ƙera ta albarka, ko waya ɗaya babu a jikinta. Ramuka ne a jere, an rubuta abin da ke shiga kowanne. Idan ma'ajiyarka M.2 ce, wadda ake dasawa kai tsaye a jikin madabod, wayoyi uku na iya isarka: babbar mai fil 24 ta madabod, mai fil 8 ta furosesa wadda ke rabuwa huɗu-huɗu, sai mai fil 6+2 ta katin hoto. Shi ke nan! Sauran ka mayar da su kwali ka adana. Ka leƙa ta gilashin akwatin ka ga fili fes, iska na shigowa ta gaba tana fita ta baya ba abin da ya tare ta. Mu da muke shan ƙurar hunturu mun fi kowa sanin darajar wannan, domin dunƙulen waya shi ne maɓoyar ƙura, kuma busa ba ta kai wa can ciki.

Ga ta kuma gajeriya. Tsawonta milimita 140 ne, alhali da yawa daga cikin takwarorinta suna kai 160. Wannan 'yar tazarar ita ce ke ba hannunka wurin shiga ƙarƙashin rufin da ke ɓoye ta, ka jona waya ba tare da ka kuje yatsu ba. Ranar da ka ƙaro faifan ajiya na SATA, waya ɗaya za ka zaro daga kwali, ka bi da ita ta bayan farantin madabod, ka ɗaure da maɗaurin Velcro, kai ka ce da ita aka haɗa tun farko.

Sai dai in ja kunne, kuma da gaske nake. Kada ka kuskura ka ɗauko wayar wata pawa saflai ka jona wa wannan, ko da bakin ya shiga daram. Ɓangaren da ke shiga madabod ko faifai iri ɗaya ne ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga na'urar wutar kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Wutar bolt 12 na iya bi ta inda ake jiran bolt 5, faifai ya ƙone da duk abin da ke cikinsa. Rubuta sunan na'urar a jikin ledar da ka ajiye ragowar wayoyin.

Sauran alherinta ma ba kaɗan ba ne. Tana da shaidar 80 Plus Gold, wato wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja tana isa ga kwamfuta idan tana ɗauke da rabin nauyinta. Akwai maɓalli a bayanta da ke sa fanka ta yi tsit har sai aiki ya yi nauyi, kuma shirun nan yana da daɗi ƙwarai ga mai aikin dare. Kamfanin Seasonic na ƙasar Taiwan, wanda aka kafa tun 1975, ya ba ta garantin shekara 10. Ta fi masu mannannun wayoyi tsada, ban musa ba, amma in yau za a ba ni madabod da akwati a ce in sake haɗawa, ita zan fara nema a kasuwa kafin in tambayi kuɗin katin hoto.