Jinjina ga Manajojin Aikin BVN

A Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa zanen yatsun mutum da hotonsa da duk asusunsa. Masu rubuta manhaja sun cancanci yabo, amma jinjinata ta manajojin aikin ce. Kowane banki da tsarinsa na adana bayanai, kowa kuma yana kishin abokan cinikinsa. Sai da haƙuri da lallashi manajojin suka daidaita bankunan da rumbun bayanan BVN na kamfanin NIBSS, suka yi ta gwaji. Da cunkoso ya yi yawa, aka ɗage wa'adin rajista daga Yuni zuwa Oktoban 2015, su kuma suka sake tsara jadawalin aikin.