Kawo Tsohon In Gani

Duk kafintan da ya daɗe a Maiduguri ya san ba kasafai inji ke mutuwa gaba ɗayansa ba. Ɗan abu guda ne ke cinyewa, wani lokaci bai kai kan ɗan yatsa ba, sai ka ga zarton lantarki ko injin fere katako da aka zuba wa kuɗi ya koma ƙarƙashin benci yana shan ƙura. Kamfanin da ya ƙera shi yana can Japan ko Jamus ko Ingila, ƙila ma ya daina yin irinsa tun shekaru 30 da suka wuce. A nan ne ake neman wasu mutane da nake ganin ba a ba su girman da ya kamace su: masu gyaran da suka iya samo wa tsohon inji abin da ya rasa.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne ba da sunan inji suke neman kaya ba, da awo suke nema. Yaron shago zai zagaye kasuwar Monday Market yana cigiyar boris ɗin Makita ko na Bosch, a ce masa babu, ya dawo ya ce, "Oga, ba a samu ba." Gwani kuwa cewa zai yi, "Kawo tsohon in gani." Ya goge gefensa da ɗan fetur, ya kai shi haske, ya karanta lambar da ke jiki. Ya san masu ƙera injinan nan ba su cika yin boris da kansu ba, saya suke yi, kuma lambar ɗaya ce a duk duniya. Ramin 6202 milimita 15 ne, na 6203 milimita 17, na 6204 milimita 20. Irin wannan lambar tana cikin fanka, tana cikin injin ban ruwa, tana cikin babur. Don haka sai ya aika yaron wajen masu kayan babur, kafin la'asar an kawo. Har haruffan ƙarshe yana dubawa: mai 2RS rufin roba gare shi, mai ZZ rufin ƙarfe. A shagon da garin katako ke haɗuwa da ƙurar hunturu, mai robar ne ke daɗewa.

Kabon, ɗan baƙin gawayin nan da ke gogar amecha, shi ne ya fi saurin ƙarewa. In ba a sami daidai shi ba, gwani yakan ɗauki wanda ya ɗan fi girma, ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ya riƙa gogawa a hankali yana gwadawa, har ya shiga gidansa ba matsi ba girgiza. Amma ba kowane kabon yake yarda da shi ba. Na sitatar mota jan ƙarfe ya yi masa yawa, in aka sa shi a zarto sai ya yi ta tartsatsi har ya cinye kan amechar, a tashi daga gyaran ɗari biyar a faɗa na dubbai. Bel kuwa da igiya ake auna shi in lambar ta goge. Faɗinsa ke nuna ko A ne mai milimita 13 ko B mai 17.

Wahalar tana farawa ne a manyan tsofaffin injinan Ingila irin su Wadkin, waɗanda aka yanka zaren notinsu da awon inci. Mai gaggawa zai tura notin milimita da ƙarfin sifana, ya kashe zaren. Wasu zartunan ma notin da ke riƙe ruwansu ta hagu yake ɗaurewa, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara tamke shi yana zaton kwancewa yake yi. Gwani yakan ɗauki sandar da notin ke hawa gaba ɗaya ya kai wa mai injin juya ƙarfe, ya tsaya a kansa har a yanko sabo.

Akwai abin da ba ya yankuwa a gida, kamar giya mai karkatattun haƙora ko amecha da ta lanƙwashe. Shi ya sa ba za ka ga sun zubar da mataccen inji ba. Bayan shagonsu cike yake da gawarwaki, kowace tana jiran ranar da za a ciri wani abu a jikinta. In babu a nan, sai a leƙa wajen 'yan gwangwan. In can ma babu, sai waya. A ɗora kayan kusa da rula, a ƙirga haƙoran, a ɗau hoto a tura ta WhatsApp ga abokin hulɗa a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Panteka a Kaduna. Tafiyar kusan kilomita 600 ce daga Kano ta Potiskum da Damaturu, kuskuren haƙori ɗaya kuma yana nufin kuɗin mota biyu da kwanakin da kafinta zai yi ba aiki.

Halin da garin ya shiga ya ƙara wasa wannan basira. Tun da aka lalata turakun wutar layin Damaturu a Janairun 2021, shaguna suka daɗe a kan janareta, wutar da ke hawa da sauka ta ƙone koyil ba adadi. Ga injinan gwanjo da aka yi don wutar 110 ko 120, alhali tamu 230 ce. Wanda bai karanta ɗan farantin jikin inji ba, sai ya ji ƙauri. Masu naɗin koyil su ke ceto irin waɗannan: su warware ƙonanniyar waya suna ƙirga zagayenta, su auna kaurinta, su naɗa sabuwa, su shafa banish su busar. Kada wani ya raina wannan aiki. Makita kanta a 1915 shagon sayar da injinan lantarki masu koyil da gyaransu ce a Nagoya, sai a 1958 ta fito da injin fere katako na hannu.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, injina da yawa sun kwana cikin laka. Inda aka yi gaggawar jona wuta don a ga ko suna aiki, nan aka ƙarasa su. Inda aka kira wanda ya san hannunsa, sai da ya kwance komai, ya wanke lakar, ya shanya koyil kwanaki, ya canza boris, ya gwada da mita kafin ya bari wuta ta shiga.

Duk da wannan iya faci, akwai inda suke tsayawa. Ruwan zarto da ya tsage, gwanin kirki ba ya kai shi walda ko da mai shi ya roƙa, domin abu ne mai juyawa kusan sau 5,000 a minti ɗaya, ga hannun kafinta da fuskarsa a kusa. Wannan kam sai dai a sayi sabo.