Dogon Turanci Ba Shi Ne Iya Turanci Ba

Yau ƙorafi nake tafe da shi a kan wasu 'yan littattafai da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa da tashar mota, daga Haɗejiya har Kano, waɗanda ke yi wa 'ya'yanmu alkawarin iya babban Turanci cikin sati biyu. Kin san su, 'yar uwa. Rabin littafin jerin kalmomi ne masu karya haƙori, sauran rabin kuma insha'i ne da wani ya rubuta ya ajiye, wai ki haddace ki je ki juye a ɗakin jarrabawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yar yayata. A nan Kafin Hausa aka haife ta, kuma tun da aka kafa jami'ar jiha a garin nan a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, ba ta da buri sai ta shige ta. Amma babu mai shiga sai da kiredit a Turanci. Sau biyu tana zama jarrabawa, sau biyu Turanci na kayar da ita, har babanta ya ce idan ta sake faɗuwa zancen boko ya ƙare. Yarinyar nan wallahi ba raguwa ba ce. Insha'i goma sha biyu ta haddace kamar karatun allo.

Rannan na ce mata, "Zo nan 'yata, rubuta mini wasiƙa ga ƙawarki, ki ba ta labarin ambaliyar 2022." Wannan fa yarinya ce da ta ga ruwa ya cinye gonakin shinkafa da idonta, ta ga mutanen ƙauye sun kwashe kayansu a kwalekwale, ta kuma ji manya na zancen yadda ciyawar kachalla ke toshe hanyar kogin Haɗejiya. Sai ga ta ta cika mini takarda da manyan kalmomin da ita kanta ba ta san ma'anarsu ba, babu ruwa, babu shinkafa, babu kwalekwale. Na ce, "Ina labarin?" Ta ce, "Goggo, ai babu shi a littafin." Nan na gane ɓarnar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba na cewa littattafan nan ba su da amfani ko kaɗan. Suna da araha, suna nuna yadda ake tsara adireshi da kwanan wata a wasiƙa, kuma kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu suna fitowa a tambayoyin canki-canka. Laifinsu shi ne sun ɓoye wa yara yadda ake raba maki. A jarrabawar WAEC ana son insha'i na kalmomi kamar 450, maki 50 ne duka: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda kika furta shi, 10 na tsabtar nahawu da rubutun kalma da aya da waƙafi. Kin ga ke nan babu makin tsoratar da mai dubawa. Duk babbar kalmar da kika ajiye ba a muhallinta ba, rami ce kika haƙa wa kanki.

Na biyu, ba da mu aka rubuta su ba. Matsalar Bahaushiya da Turanci sananniya ce. A Hausa aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci: na tafi, ina tafiya, zan tafi, gaban kalmar ne ke ɗaukar nauyin. Turanci kuwa kalmar kanta ke rikiɗa, "go" ta koma "went", ta koma "gone". Mu kalma ɗaya muke da ita ta aro, su biyu ne, "borrow" ga mai karɓa, "lend" ga mai bayarwa. Mu mukan ji wari, su ba sa jin wari da kalmar kunne. Ga kuma rikicin "p" da "f". Na duba littafin nan daga bango zuwa bango, ko layi ɗaya babu a kan waɗannan.

Ku tuna da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, wanda ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, aka buga a 1934. Ku nemi jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoba 1960 a wayarku ku saurara. Kalmominsa masu sauƙi ne, kowace a mazauninta. Wanda ya iya shirya zance da harshen uwarsa bai cika shan wahalar shirya shi da na wani ba.

Yanzu ga abin da muke yi da 'yata. Kullum bayan la'asar takan ba ni labari ɗaya da Hausa, na cin kasuwa ko na suna ko na girbi, sannan ta rubuta shi da Turanci, jimla goma gajeru. Sai ta karanta da ƙarfi, ta ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau ta duba lokacinsa. Sabuwar kalma uku kacal take ɗauka a rana daga ƙamus, kuma sai ta yi jimla da kowace a kan gidanmu kafin ta wuce.

Uwargida, ko ba ki jin Turanci kina da aiki a nan. Ki sa 'yarki ta fassara miki abin da ta rubuta. Idan ta kasa mayar da shi Hausa, to ba nata ba ne, ki sa ta sake. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin.