Idon Saniya a Hannun Ɗan Koyo: Kariya ga Masu Bayani a Gidajen Kimiyya

An daɗe ana yi wa gidajen nuna kimiyya irin na taɓa-ka-gani wata suka, musamman a Amurka da Ingila. Wai filin wasan yara ne kawai da aka yi wa kwalliya: yara su shigo da gudu, su danna wannan, su murɗa wancan, su fita ba su tsinci komai ba. Masu sukar sukan ƙara da cewa matasan da ake ɗauka koyon aiki na 'yan watanni, a tsayar da su gefen kayan suna bayani, su kansu kimiyyar ba ta zauna musu ba, kuma da sun fara gogewa sai wa'adinsu ya cika su kama gabansu. Kashin farko na sukar yana da ƙamshin gaskiya. Kashi na biyu ne nake ja da shi, domin abin da suke kira asara shi ne ƙarfin tsarin.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1937 Jean Perrin ya buɗe Palais de la Découverte a birnin Paris, inda ake yin gwaje-gwaje a gaban jama'a ana bayani da baki. Frank Oppenheimer, ƙanen wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, ya rasa aikinsa na jami'a a 1949 saboda tsohuwar alaƙarsa da jam'iyyar kwaminis. Ya koma kiwon shanu a jihar Colorado, daga baya ya koyar a makarantar sakandare, sannan ya zagaya gidajen kimiyyar Turai ya ga yadda suke yi. A 1969 ya buɗe Exploratorium a San Francisco. Ya ari tsarin masu bayani irin na Paris, amma maimakon ƙwararru sai ya ɗauki 'yan sakandare, ana biyansu, ana sauya su rukuni-rukuni. Har yau, bayan gidan ya koma bakin teku a 2013, suna nan da 'yar rigarsu mai ruwan lemo.

Wanda ke son ya auna wannan aiki ya bar manyan na'urori, ya je teburin da ake feɗe idon saniya, wanda ya fi kowane nuni na masu bayanin gidan suna. Kayan aikin ba su da yawa: faranti, almakashi, 'yar wuƙa, guntun jarida, sai idon da aka samo ɗanye daga mahauta. Mai bayani yakan fara da datse kitse da naman da ke kewaye da ƙwayar. Wannan ɓangaren ne yara ke yatsine fuska, kuma gwani ba ya hana su. Ƙyamar ce ke riƙe su a wurin. Sai ya tsaga fatar gaba mai garai-garai, wani ruwa fari tas ya gangaro. A nan ake gane wanda ya iya aikin. Sabon shiga zai yi caraf ya faɗi sunan ruwan da Latinanci. Wanda ya goge zai ɗaga kai ya ce, "Me kuke jin wannan ruwan yake yi a nan?" ya yi shiru. Shirun nan shi ne sana'ar, kuma ya fi haddar sunaye wuya nesa ba kusa ba, don bakin da ya san amsa ƙaiƙayi yake yi.

Daga nan a raba ƙwayar gida biyu. A zaro baƙin zoben da ke tsuke haske, a nuna cewa kafar tsakiyarsa a saniya doguwa ce a kwance, ba zagayayyiya irin ta mutum ba. Sannan a fito da gilashin ido, ɗan dunƙule mai sheƙi, mai taushi daga waje, mai tauri a tsakiya. Mai bayani ba ya cewa komai game da karyewar haske. Yana ɗora shi a kan jarida, haruffa su kumbura. Ya ɗaga shi sama ya ce wa yarinyar da ke gaba ta leƙa ta ciki, sai ta hango ƙawarta kai ƙasa ƙafa sama. Duk zanen kibiyoyin da aka yi mata a allo, yau ga shi a kan ɗan yatsa. Tambayar da ke biyowa kusan kullum daga bakin 'yan kallo take fitowa: to me ya sa mu ba ma ganin duniya a kife? Ka ga an kai inda ake so, yaro ne ya nemi a yi masa zancen ƙwaƙwalwa, ba a tura masa ba.

Saura bayan ido. Idan aka kwashe ruwa mai kaurin da ya cika shi, akwai wani siririn tantani da ke karɓar haske, wanda yake manne a wuri ɗaya tak, inda jijiyar gani ke ficewa. A daidai wannan gurbi ido ba ya gani. Mai bayani mai wayo a nan yake miƙa kati mai ɗigo da gicciye, ya ce kowa ya rufe ido ɗaya ya riƙa matso da katin a hankali, har ɗigon ya ɓace. Abin da aka gani a idon saniya an same shi a idon mai kallo. A ƙarƙashin tantanin kuma akwai shimfiɗa mai walƙiya, tsakanin shuɗi da kore, wadda ke mayar da haske baya. Ita ce ke sa idon shanu da na kyanwa ƙyalli idan an haska su da dare.

Yanzu a tambaya: wa ya fi ƙaruwa a teburin nan? Ɗan kallo ya tsaya 'yan mintuna ya wuce. Mai bayani kuwa ya feɗe ido yau, ya feɗe gobe, ɗan shekara shida ya ƙure shi da tambayar da ba ta cikin takardar horo, ya koma ya bincika, washegari ya dawo ya gwada wata hanyar. Masu binciken da ke tare yara a bakin ƙofa da takardar tambayoyi don auna abin da suka koya, ba wanda ya dace suke aunawa ba. Ɗalibin gidan na ainihi shi ne mai sanye da rigar aiki. Ina jin masu gidan nunin kimiyya na New York sun fahimci haka, shi ya sa tun 1986 suka mai da aikin bayani wani tsani da matasa ke hawa zuwa koyarwa da sauran ayyukan kimiyya.

Batun cewa ba su ƙware ba kuwa bai dame ni ba. Farfesa ya manta ranar da bai san abin ba. Yarinyar da ta koyi aikin gilashin ido watan jiya tana tune da daidai inda kanta ya ɗaure, don haka ta san inda za ta dakata. Wannan tunin kuma ƙarewa yake yi. Duk wanda ya daɗe a teburi ɗaya, muryarsa takan koma kamar ta mai tallar magani a tasha: kalmomi sun zauna daram, barkwanci yana faɗowa a wurinsa na jiya, amma ya daina duban fuskar da ke gabansa. Shi ya sa nake ganin cikar wa'adi tana cikin horon. Ɗan koyo yakan yi baƙin cikin tafiya a lokacin da yake jin ya iya, alhali lokacin ne ya kamata ya miƙa almakashin ga wanda hannunsa ke rawa. Wasu za su ce a riƙe gwanaye a ba su aikin dindindin. A riƙe su, amma su koma horar da sababbi a bayan fage.

Abin da ya fi burge ni shi ne arhar lamarin. Ba wuta, ba kwamfuta, ba kayan da sai an yi oda daga waje. Malaman kimiyyarmu da ke kukan rashin ɗakin gwaji, kukansu gaskiya ne, amma idon saniya yana kwata kowace safiya, kuma ɗanyen ya fi wanda aka jiƙa a magani, don gilashinsa bai dishe ba. Malam ya feɗe na farko a gaban 'yan aji shida, sauran kuma ya bar su su feɗe wa 'yan aji ɗaya, shi ya koma gefe ya riƙe bakinsa.