Idon Dillaliya da Wandon Jins

Duk ranar da za a fasa sabuwar dila a Kasuwar Ƙofar Wambai, akwai wata dillaliya a unguwarmu da ke yin sammako. Ba ta riƙe tef ɗin awo. Waɗanda za ta sayo wa wandon jins kuwa suna gida, yawancinsu ɗalibai ne masu sawa a ƙarƙashin abaya. Amma in ta dawo ta raba, da wuya ka ji an ce bai shiga ba.

Lambar da ke liƙe a ƙugun wando ko kallo ba ta ishe ta ba, kuma tana da hujja. A rumfa ɗaya za ka tarar da kayan ƙasashe barkatai. Wandon da Amurka ta rubuta wa 8, a Ingila 12 ne, a Faransa 40, a Italiya 44. Na maza da sauƙi, inci nawa ne ƙugu, inci nawa ne tsawo, shi ke nan. Na mata ne ya zama ciwon kai. Amurka ta taɓa kafa ma'auni na bai ɗaya a 1958, ta janye shi a 1983, kowane kamfani ya kama gabansa. Wasu har rage lambar suke yi don mai saye ta ji kamar ta rame.

Da hannunta take awo, kamar yadda iyayenmu ke auna zane da kamu. Sai ta ɓalle maɓallin, ta zura damtsenta cikin ƙugun, gwiwar hannu a wannan gefe, dunƙulen hannu a wancan. Ta san wadda ƙugunta kamu ɗaya ne cif, ta san wadda sai an ƙara yatsu uku. 'Yan mata suna da tasu dabarar, su zagaya ƙugun wandon a wuya, in bakin biyu ya haɗu a ƙeya su ce zai yi. Ita dariya take yi musu, wai ina wuya ya san labarin mazaunai?

A nan gwanintar take. Mata biyu za su yi ƙugu ɗaya, amma cinya da mazaunai kowa da nata. Don haka tana auna faɗin wandon daga ƙasan zif, sannan ta duba zurfin hantsa. Mai doguwar hantsa a kan cibiya yake zama, inda jiki ya tsuke. Mai gajeriya kan kwankwaso yake sauka, inda jiki ya buɗe. Faɗin ƙugunsu na iya zuwa ɗaya, amma ba na mace ɗaya ba ne. Kullum mazaunai take saya wa wando, domin ƙugu in ya yi yawa tela zai kama shi ta baya, tsawo ma a rage, amma babu telan da zai ƙirƙiro yadi a cinya.

Daga nan sai ta ja yadin da hannu biyu ta saki. Yawancin jins na mata akwai zaren roba a ciki, kashi biyu cikin ɗari ma ya isa ya sa wando ya bi jiki. In ya koma nan take, za ta iya ɗaukar wanda ya ɗan matse. In ya tsaya a sake, robar ta mutu, kafin la'asar gwiwa za ta yi jaka, sai ta jefar da shi gefe. Mai auduga zalla kuwa ta fi son sa a gwanjo, don ya sha wanki, duk shigar da zai yi ya gama.

Rannan ƙanwata ta miƙa hannu za ta ɗauki irin wanda ta saba. Dillaliyar ta janye shi, ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a 'yar nan, naman Sallah ya karɓe ki. Ungo wannan."

"Haba Baba, ai lambarsu ɗaya!"

"Je ki ɗaki ki gwada, ina nan zaune."