Ba Agogo Ke Ƙona Kitse Ba

Wata uku da suka wuce ƙanena ya shigo gida bayan isha'i, riga jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa na rawa yana buɗe kwanon tuwo. Rabonsa da abinci tun daren jiya, in ban da ruwa da baƙin shayi marar sukari. Ya wuni a wurin aiki, daga can ya zarce gidan motsa jiki, ya yi sa'a guda da rabi yana ɗaga ƙarfe da cikin da ko loma babu. Na ce, "Kai kuwa wa ya ɗora maka wannan?" Ya ce, "Yaya, ai haka ake yi yanzu. In ciki ba komai, jiki ba shi da abin da zai ci sai teɓa." Ya tashi da malmala uku, ya kora da lemon kwalba, bai kwanta ba sai da sha ɗaya ta gota. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Duk inda samari ke taruwa ɗaga ƙarfe da yamma, daga masu injunan zamani har masu sumunti da aka zuba a gwangwanin fenti, za ka ji ana tambayar juna, "Awa nawa ka yi yau?"

Ni azumin agogo nake kiran abin. Mutum ya keɓe wasu sa'o'i, galibi takwas, ya ci abincinsa a cikinsu, sauran goma sha shidan ya kame daga abinci amma yana shan ruwa. Ba na ƙin sa, kuma na ga mutanen da ya yi wa rana. Abin da ke damuna shi ne yadda aka ɗauki agogo aka ba shi aikin da ba nasa ba. Kitse yana raguwa ne in abin da mutum ke ci ya gaza abin da jikinsa ke kashewa, mako bayan mako. Tsoka kuwa tana tsayawa ne in an ba ta nauyi ta ɗaga, an ba ta furotin, an bar ta ta huta. Agogo dabara ce kawai ta taimaka wa mutum ya rage ci. Wanda ya manta da haka sai ya yi wata shida yana wahala ma'auni bai motsa ba, ko ya motsa alhali abin da ya zube tsoka ce.

Tsarin nan na 16 da 8, wani mai horar da 'yan ɗaga ƙarfe ɗan ƙasar Suwidin, Martin Berkhan, ya yaɗa shi a intanet da sunan Leangains. Abin da samarinmu ba su ɗauko ba shi ne tsarin nasa ya tsananta ƙwarai a kan yawan furotin da lissafin abin da ake ci. Sa'o'in kawai suka ɗauko, don su ne masu sauƙin faɗi. A 2012 kuma Michael Mosley, likita ɗan jarida, ya yi wani shiri kan azumi a talabijin na BBC, wanda ya yaɗa tsarin kwana biyar ana ci, kwana biyu ana ragewa sosai. A shekarar dai, a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, Satchin Panda da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da aka ba abinci mai maiƙo cikin sa'a takwas kaɗai ba su yi ƙiba kamar waɗanda aka bar wa kwanon dare da rana ba, duk da abin da suka ci kusan ɗaya ne. Sakamako ne mai kyau, amma a jikin ɓera aka same shi. Haka ma lambar Nobel ta 2016 da ake yawan kafa hujja da ita: Yoshinori Ohsumi ɗan Japan ya same ta ne don gano yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta ta sabunta kanta, kuma a yis ɗin burodi ya yi aikin, ba a tumbin ɗan Adam ba.

Da aka gwada a mutane, sai labarin ya yi sanyi. A 2020 wani likitan zuciya a San Faransisko, Ethan Weiss, wanda shi kansa ya yi shekaru yana wannan azumi, ya jagoranci gwaji da mutum 116 na tsawon mako 12. Rabi suka ci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, rabi suka ci sau uku kamar kullum. Masu azumin sun rage abin da bai kai kilo ɗaya ba, kuma tazararsu da ɗaya rukunin ba ta kai a gina hujja a kanta ba. Abin da ya fi tayar da hankali, a cikin waɗanda aka auna jikinsu da na'ura, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ba kitse ba ne. Bayan ya ga haka, Weiss ya koma karin kumallo. A 2022 aka fitar da wani gwajin daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda cur. An rage wa kowa kalori daidai wa daida, sannan aka taƙaita wa rabi lokacin ci daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Masu agogo sun rage kimanin kilo 8, marasa agogo kimanin kilo 6.3, kuma masu binciken suka ce bambancin bai wuce abin da dace ke iya kawowa ba. Wato rage cin ne ya yi aikin.

To ina mai ɗaga ƙarfe da yamma a cikin wannan? Shi dai ya yi dace a abu guda: ƙarfin tsoka yakan kai ƙololuwa ne daga la'asar zuwa almuru, lokacin da ɗumin jiki ya fi tashi. Kuma akwai gwajin da ya shafe shi kai tsaye. A 2016, a jami'ar Padua ta Italiya, aka ɗauki maza 34 da suka daɗe suna ɗaga ƙarfe, aka bi su mako takwas. Masu azumin suna cin abinci ƙarfe ɗaya, da huɗu, da takwas na dare, suna atisaye da yammaci. Sun fi takwarorinsu rage kitse, tsokarsu da ƙarfinsu kuma ba su ragu ba. Gwaji ne ƙarami, ba na so in ɗora masa kayan da ba zai ɗauka ba. Amma a duba fasalinsa da kyau: sun ci kafin atisaye, sun ci bayansa, sau uku a rana, da furotin mai yawa. Atisayen yana tsakiyar lokacin cin ne. Wannan ya yi hannun riga da abin da ƙanena ke yi, wanda ya mayar da sa'a takwas ta koma zama ɗaya a bakin gado.

Gaskiya ɗaya dole in faɗa ko da ba ta goyi bayana ba. Ɗaga ƙarfe da yunwa shi kaɗai ba ya narkar da tsoka. A 2013 an bi wasu 'yan gina jiki a Tunisiya cikin watan Ramadan, wasu suna atisaye kafin faɗuwar rana suna ɗauke da azumi, wasu da dare bayan sun ci, kuma ba a ga bambanci a jikinsu ba. Saboda haka matsalata ba da sa'ar atisayen ba ce. Matsalata da abin da ke biyo baya ce.

A yi lissafi. Da aka tattara gwaje-gwaje 49 a 2018, an ga amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Tuwo da miyar kuka da yanka biyu na nama ba su kama ƙafar wannan adadi ba, ko malmala nawa aka ƙara, domin tuwo yawancinsa sitaci ne. Wanda ya wuni da yunwa ya kuma ƙona ƙarfinsa a kan benci, in ya iso gida ba wake yake nema ba, abin da zai cika ciki da sauri yake nema. Sai ya ci kalorin wuni guda a zama ɗaya, furotin ɗin bai kai rabi ba. Alhali abin da ake buƙata yana kusa da mu, ba sai an sayi garin furotin na roba mai tsada ba. Busasshen wake giram ɗari yana ɗauke da furotin sama da giram 20. Ga awara, ga kindirmo marar sukari, ga busasshen kifi, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi ranar da aljihu ya yarda. Sai dai ba a haɗiye su a loma ɗaya. Suna buƙatar zama biyu ko uku, kuma wannan ne abin da matse lokaci ke hanawa.

Sai barci, wanda ba wanda ke ƙidaya shi. Mutum ya cika ciki ƙarfe goma, ƙwannafi ya taso, ga kuma lemon ƙara kuzari mai sinadarin kafin da ya sha kafin atisaye don ya danne yunwa yana nan yana aiki a jini. Ya kwanta sha biyu, ladan ya kira asuba biyar. A 2010 an yi wani ƙaramin gwaji a Shikago da mutum 10 masu rage ci: in an taƙaita musu kwanciya zuwa sa'a biyar da rabi maimakon takwas da rabi, kitsen da suke zubarwa yakan ragu da fiye da rabi, abin da ba kitse ba kuma ya fi zubewa. Mai azumin agogo da ya saye sa'o'insa goma sha shida da barcinsa ya yi cinikin faɗuwa.

Mu da muke azumin wata guda duk shekara bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Mun san mutum na iya wuni bai ci ba, ya sha ruwa da kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali, ya fita Ramadan da tumbinsa yadda ya shiga da shi. Mun kuma san wanda ya rame yakan mayar da jikinsa 'yan makonni bayan Sallah. Kuma kada a haɗa biyun: azumin ibada niyyarsa da hukuncinsa daban, shi kuwa na agogo ba ya hana ruwa, don haka babu dalilin da zai sa mutum ya ɗaga ƙarfe da busasshen maƙogwaro cikin zafin Afrilu. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da sukari, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai gyambon ciki, da yaron da bai gama girma ba, kada su shiga wannan sai sun ga likita.

Ƙanena bai bar azumin ba, ni ma ban nemi ya bari ba, domin barin karin kumallo yana hana shi ciye-ciyen safe, kuma wannan riba ce ta gaske. Abin da muka daidaita shi ne ya buɗe baki da azahar da wake da ƙwai, ya sha kindirmo da ayaba bayan la'asar, ya gama da ƙarfe kafin magariba, ya ci na dare kafin tara. Ranar da aiki ya riƙe shi har sai bayan isha'i zai samu zuwa gidan motsa jiki, ya rage azumin zuwa sa'a 14, ya ci wani abu kafin ya taɓa sanda. Hannunsa ya daina rawa a kan kwano, kuma yana kwanciya ƙarfe goma. Lemon kwalbar ne har yanzu muke ja-in-ja a kansa.